Jirgin Iska a Tekun Fasifik: Gida Kusa, Kasuwa Nesa

Daga tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado zuwa tsibiran Markesas akwai tazarar kimanin mil 3,000 na teku, wato sama da kilomita 5,500, kuma babu ko tudun da tsuntsu zai sauka ya huta a tsakani. Duk shekara, daga wajen watan Fabrairu zuwa Mayu, ɗaruruwan ƙananan jiragen ruwa masu filafilai kan ratsa wannan tazara. Ba na dakon kaya ba ne, ba na masunta ba. Gidajen mutane ne. Yawancinsu tsawonsu bai wuce mita 11 zuwa 15 ba, kuma a ciki za ka tarar da miji da mata, wani lokaci da 'ya'yansu, wani lokaci mutum ɗaya tal, sun sayar da gida ko sun ba da haya, sun kwaso abin da ya rage sun zuba a jirgi. Galibinsu daga Turai da Amurka da Ostareliya suke. Sukan bi ta mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, su bar iskar da ke kaɗowa daga kudu maso gabas ta yi ta tura su yamma.

Tafiyar ba ta sauri ba ce. Irin wannan jirgi kan ci mil 120 zuwa 150 a yini da kwana, gudun da mai keke zai iya tserewa. Saboda haka mako uku, ko huɗu in iska ta yi rowa, ba za su ga komai ba sai ruwa da sama. Hotunan da suke aikowa gida na shuɗin ruwa ne da bishiyoyin kwakwa, amma su da kansu suna da wata ba'a da suke yi wa rayuwarsu, wai yawon duniya a jirgin iska ba komai ba ne illa gyaran jirgi a wurare masu kyan gani. Wanda ya zauna da su zai gane cewa ba'ar ta fi hotunan gaskiya.

Dalili kuwa a fili yake. Mai zama a gari yana da waɗanda suka ɗauke masa nauyin rayuwa ba tare da ya lura ba: wani ke kawo wuta, wani ke kawo ruwa, wani ke gyara mota, wani ke kwashe shara. A jirgi duk waɗannan mutum ɗaya ne ko biyu. Wutarsu daga farantan sola da ke bayan jirgi take zuwa, ta taru a batura masu ƙarfin bolt 12, kuma kowace safiya abin da mai jirgi kan fara dubawa shi ne nawa dare ya cinye. Firji da na'urar tuƙi su ne manyan maciya. Ruwan sha ko dai a tara na sama, ko a ɗebo a jarka daga gari, ko a tace na teku. Girki a kan rishon gas ake yi, wanda aka rataye shi yadda zai riƙa lilo, domin in jirgi ya karkata tukunya ta tsaya daidai, kuma mai girkin kan ɗaure ƙugunsa da ɗamara don kada ya faɗa kan wuta. Barci ma rabo ake yi. In su biyu ne, ɗaya ya yi gadi na awa uku ko huɗu yana duban iska da fitilun manyan jirage, ɗayan ya kwanta, sannan su yi musanya, haka har gari ya waye, haka har mako uku. Mai gadin dare kan sa igiya ya ɗaure kansa da jikin jirgi, domin wanda ya faɗa ruwa cikin duhu alhali abokin tafiyarsa na barci, jirgin ba zai tsaya jiransa ba.

Gishiri da motsi

Abu biyu ne ke cin jirgi ba dare ba rana. Na farko gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, iskar da ke kaɗawa ma da danshinsa take tafe. Yakan shiga bakin wayar lantarki ya mayar da jan ƙarfe kore, ya daskarar da zik ɗin jaka, ya like noti da ramin da aka ɗaura shi. In aka ɗaura notin sitenles a jikin alminiyon ba a shafa masa komai ba, bayan 'yan shekaru sai su zama kamar an yi musu walda. Akwai kuma wata cuta da ba a gani: in ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sai su zama tamkar batir, ɗaya ya riƙa zagwanyewa. Maganin da aka samo shi ne a ɗaura dunƙulen zinki a kusa da farfela, domin shi ya fi saurin narkewa, sai cutar ta cinye shi ta ƙyale farfelar. Idan ya ƙare mai jirgi ya nutsa da sifana a hannu ya sa wani.

Na biyu motsi. Mota in ta tsaya ta huta, jirgi kuwa ko a tsaye yake ruwa na jijjiga shi. A tafiyar mako uku yakan yi tangaɗi dubban ɗaruruwan lokuta, kuma duk inda igiya ta gogi ƙarfe, ko filafili ya gogi waya, nan ne zai tsinke. Shi ya sa matuƙin kirki kan zagaya jirginsa kullum da safe yana shafa igiyoyi, yana duban ƙasa ko zai ga wani ɗan fil ko noti da ya faɗo daga sama. Wanda ya tsinci irin wannan a kan dabe ba ya samun sukuni sai ya gano inda ya fito, ko da zai kai ga a ja shi da igiya zuwa ƙolin jigon jirgi, mita 15 ko fiye a sama, jirgi na lilo da shi. Wannan jigo, wanda filafilai ke rataye a jikinsa, wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi ta kowane ɓangare. Ɗaya ta tsinke, duka yana iya rikitowa. Abin haushi da sitenles shi ne daga waje yana ƙyalli alhali ya tsage daga ciki, a lungun da iska ba ta kaiwa. Saboda haka kamfanonin inshora da yawa kan nemi a sauya wayoyin duka bayan kimanin shekara goma, ko da ido bai ga aibinsu ba.

Injin fa? Jirgin iska ma yana da injin dizal, galibi na Yanmar ko Volvo Penta ko Perkins, domin shiga tasha da fita da cajin batir. Ciwonsa guda biyu ne da kowane matuƙi ya haddace. Ba shi da lagireto irin na mota mai shan iska, da ruwan teku yake sanyaya jikinsa, kuma abin da ke zuƙo ruwan wata 'yar farfela ce ta roba wadda ba ta fi tafin hannun yaro ba. In ciyawar teku ko leda ta toshe bututu, robar ta juya a bushe, cikin ɗan lokaci fukafukanta su kakkarye, injin ya ɗauki zafi. Sauya ta ba wuya, wahalar ita ce bin tiyo ana tsinto gutsattsarin da suka shige ciki. Ciwo na biyu na mai ne. A ƙasashe masu zafi danshi kan taru a tanki, wasu ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama baƙin kauci a ƙasa. Ranar da teku ta yi fushi ta girgiza tankin, ranar kaucin zai taso ya toshe matata, injin ya mutu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Duk wanda ya taɓa fama da janareta mai shan gurɓataccen mai ya san rabin labarin. Ragowar rabin shi ne a yi aikin a kife, kai a ƙasa, cikin rami mai zafi da warin dizal, ɗakin kuma yana tangaɗi.

Na'urar tace ruwa ita ce 'yar lelen da ta fi kowa shagwaɓa. Tana tura ruwan teku ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi da matsin da ya kai bar 55, wato ya ninka iskar tayar mota sau ashirin da wani abu, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Amma in aka bar ta mako guda ba a kunna ba, ba a kuma wanke ta da ruwan daɗi ba, fatar kan lalace, kuma ba a sayar da irinta a kantin ƙauye. Bayan gida ma famfo ne na hannu, fitsari da ruwan gishiri kan haɗu su yi dutse a cikin tiyonsa har ya toshe. Masu dabara kan zuba ruwan tsami na binega lokaci lokaci. Marasa dabara kan kwance tiyon su yi ta buga shi a jikin dutse a bakin gaɓa, aikin da babu wanda ke ɗaukar hotonsa.

Inda kasuwa ta yi nisa

To, an iso Markesas. An ga duwatsun Fatu Hiva ko Hiva Oa sun taso daga ruwa, kore shar, an jefa anka, an yi barcin da aka daɗe ba a yi ba. Washegari sai a ɗauko takardar da aka rubuta abubuwan da suka lalace a hanya. A nan ne mai jirgi ke gane inda yake. Duk tsibiran Markesas mutanensu ba su fi dubu tara da wani abu ba. Taiohae, babban garinsu a tsibirin Nuku Hiva, yana da 'yan kantuna da gidan waya da asibiti da masu walda, kuma a Atuona, garin da aka binne mai zane Paul Gauguin a 1903, akwai ƙaramin wurin da ake fitar da jirgi kan tudu. Amma cikakkiyar kasuwar kayan jirgi tana Papeete a tsibirin Tahiti, kilomita 1,400 daga nan. Kaya masu nauyi sai jirgin dako irin su Aranui ya kawo, shi kuwa sai bayan mako biyu ko uku yake zagayowa. In kayan babu su a Tahiti, sai an yi odarsu daga Faransa ko Amurka, su bi jirgin sama, su kwana a hannun kwastan, sannan su hau wani ƙaramin jirgin. Ɗan ƙarfen da bai fi dala 30 ba yana iya cin ninkin kuɗinsa sau da yawa a dako, ya kuma ci wata guda na jira. Wani lokaci ya iso a tarar ba shi ba ne, domin jirgin da aka ƙera a Amurka da awon inci aka yi notinsa, kayan Faransa kuwa da milimita. Hatta tukunyar gas bakinta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka ga mutum ya rataye tukunyar gari a kife a reshen bishiya yana ɗura wa tasa ta tiyo, abin da ke da haɗari ƙwarai amma ake yi.

Jiran nan ba na mai sukuni ba ne. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, in bai nemi dogon izini tun daga gida ba, kwana 90 kawai yake da su a yankin Folinesiya ta Faransa, wanda Markesas da Tahiti ke ciki. Ga kuma lokacin guguwa, wanda ke kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Kafin nan dole ya ratsa sauran tekun, ya bi ta Tonga ko Fiji, ya gangara Niyuzilan, ko ya sami wata mafaka. Duk makon da aka ɓata ana jiran akwati, daga wannan lissafi ake cire shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa rabin ma'ajiyar jirgi kayan gyara ne: fanbel, matatun mai, farfelar roba uku ko huɗu, tiyo, waya, gam ɗin efoksi mai kamawa ko a cikin ruwa, allura da zaren ɗinkin filafili, har da turakun katako masu tsini da ake ɗaurewa kusa da kowace ƙofar da bututu ya huda cikin jirgi, domin in bututun ya karye a buga turken a toshe. Sai dai babu jirgin da zai iya ɗaukar na biyun komai, kuma abin da ya karye sau da yawa shi ne wanda ba a yi tsammani ba. A nan dabara ke shigowa. A 1968, lokacin da Robin Knox-Johnston ɗan Ingila ke zagaya duniya shi kaɗai ba tsayawa, jirginsa na katako mai suna Suhaili ya fara yoyo a ƙasa. Ya nutsa da kansa a tsakiyar Atlantika ya cusa auduga a tsagar, ya rufe da tsumma da fallen jan ƙarfe, bayan ya harbe wani kifin shak da ke zagaye shi. Da ya bukaci dalma don liƙa waya, daga gindin ƙwayayen fitila ya narko ta. Ya dawo gida a 1969 bayan kwana 312.

A tsibiran Tuwamotu, waɗanda ke tsakanin Markesas da Tahiti, matsalar takan sauya kama. Su ba duwatsu ba ne, zobba ne na murjani da ƙyar suka ɗara ruwa, sai ka zo dab kafin ka hango kan bishiyoyin kwakwa, shi ya sa matuƙan dā suka yi musu laƙabi da tsibirai masu haɗari. Shiga cikin zoben sai ta wata 'yar ƙofa inda ruwa ke kwarara da ƙarfin da kan fi na injin jirgin, saboda haka sai an daidaici lokacin da ya lafa. Injin da ya mutu a wannan ƙofa ya mutu a mummunan wuri. A ciki kuma ƙasan ruwan cike yake da kawunan murjani, sarƙar anka takan nannaɗe su in iska ta juya. Masu jirgi sun koyi ɗaura wa sarƙar balo-balo don ta yi shawagi sama da su, kuma sau da yawa balo-balon na gonakin lu'ulu'u ne da ruwa ya watso bakin gaɓa.

Abin da littattafan kayan gyara ba sa faɗa shi ne, yawancin gyaran nan da hannun mutane ake gama shi. A duk inda jirage suka taru, da safe akan buɗe rediyo a yi cigiya: wa ke da sifana mai lamba kaza, wa ya san firji, wa zai tafi Tahiti ya taho da saƙo. A cikinsu ba a rasa tsohon injiniya ko likita ko mai keken ɗinki, kuma ladan aikin sau da yawa bai wuce cin abincin dare ba. Mutanen tsibiri su ma suna ciki, kuma ni a ganina su ne ba a ba su haƙƙinsu a labarin. Mutumin da ya shekara talatin yana raya injin kwalekwalensa da na sarrafa kwakwa a wurin da jirgin dako ke zuwa sau biyu a wata, ya fi baƙon da ya zo da akwatin kayan aiki mai tsada sanin yadda ake tayar da mataccen ƙarfe. A ƙananan ƙauyuka kuɗi ba su cika amfani ba tunda babu abin saya, sai musaya: igiya ko ƙugiyar kamun kifi ko gyaran sola, a ba ka ayaba da manyan lemun taɓa da kifi. Kifin ma sai ka tambaye su wanda ake ci, domin wasu kifayen murjani na ɗauke da gubar siguwatera wadda dafuwa ba ta kashewa, kuma 'yan gari ne suka san ɓangaren da ke da ita. A Fiji kuwa ba a ma fara komai sai baƙo ya kai wa sarkin ƙauye gaisuwar saiwar kaba, al'adar da suke kira sebusebu, ya karɓa, sannan ka zama baƙonsu. Kakannin waɗannan mutane sun ratsa tekun nan ɗaruruwan shekaru kafin Turawa, a jiragen da aka ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa aka toshe da ƙaron bishiya, kayan da ake samu a yawancin tsibiran da suka sauka.

Wannan batu na kayan da ake iya gyarawa a ko'ina shi ne tushen wata tsohuwar gardama a tsakanin masu wannan rayuwa. Wasu na ganin duk na'urar da ka ƙara, ka ƙara wa kanka ubangida ne. Joshua Slocum, wanda ya fara zagaya duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, da hannunsa ya sake gina jirginsa Spray daga wani tsohon kwarangwal, don haka babu katakon da bai sani ba. Lin da Larry Pardey sun zagaya duniya sau biyu a ƙananan jiragen katako marasa injin. Wasu kuma na cewa ba su bar gida don su sha ruwan ɗumi su yi wanka da kofi ba, suna son firji da injin wanki da intanet, sun kuma yarda su biya da gumi. Kowa da hujjarsa, amma ma'aunin da ya fi dacewa da tsibiri mai nisa ba tsada ko arha ba ne. Tambayar ita ce, in abin nan ya mutu, ana iya buɗe shi a gyara, ko kuwa akwati ne da aka like sai dai a sayi sabo? In kuma ya ƙi gyaruwa, jirgi zai iya ci gaba ba shi? Shi ya sa da yawa kan haɗa na'urar tuƙi ta lantarki da wata ta ƙarfe zalla wadda iska ke sarrafawa, ba ta shan wuta, kuma filaya da igiya sun isa gyaranta.

Akwai dai ɓarnar da ta fi ƙarfin kowane akwatin kayan aiki. A watan Yunin 1972, kifayen oka suka fasa jirgin iyalan Robertson mai suna Lucette a yammacin Galafagos, ya nutse nan take, su shida suka yi kwana 38 a kan ruwa kafin masuntan Japan su tsince su. A 1973 wani ƙaton kifin wel ya fasa na Maurice da Maralyn Bailey a kan hanyarsu ta zuwa Galafagos, suka yi kwana 118. A watan Maris na 2023 irin wannan ta sake faruwa da wani jirgi mai suna Raindancer a kan hanyar Markesas: ya yi karo da wel, ya nutse cikin kimanin minti 15. Mutum huɗun da ke ciki suka shiga kwalekwalen ceto da na'urar kiran agaji da wayar tauraron ɗan'adam. Saƙonsu ya bazu a tsakanin jiragen da ke kan hanyar, kuma cikin kimanin awa goma wani jirgin iska irin nasu ya iso ya kwashe su.